Tayar Baya Ta Kaka Ce

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Na sha faɗin wannan a ƙofar gidajen mutane, baki na faɗi zuciya na wani wuri. Ban san nauyinsa ba sai ranar da aka fito da kakata, wadda ta haifi mahaifiyata, daga ɗakinta a nan unguwar Sabo ta Ibadan.

Da muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, malaman unguwa muke tsammani, da dangi, da abokan cinikinta na kasuwar Bodija. Sun zo kuwa, babu wanda ya ba mu kunya. Waɗanda ba mu yi zato ba su ne 'yan okada. Kafin mu dawo daga maƙabarta layinmu ya cushe da babura, har ɗan ga-ruwa ya rasa ta inda zai tura kurarsa. Wasu abokan aikina ne, tare muke tsayuwa bakin titi muna jiran fasinja. Wasu kuwa ko a hanya ban taɓa ganinsu ba. Kawuna, babban ɗanta, ya iso daga Kano washegari ya tarar sun ƙaru, ya ja ni gefe ya ce, "Kai, tsohuwar nan shugabar ƙungiyarku ce ba a gaya mana ba?"

Ɗaya daga cikin 'yan okadan, bayan an shafa fatiha, ya matso kusa da ni ya ce, "Ni fa Mama ta taɓa kunyata ni a gaban masallaci. Na tsaya zan ɗauke ta, ta leƙa tayata ta baya, ta ce, 'Ɗana, wuce abinka, ban gaji da duniya ba.' Jama'a na ta dariya. Wallahi ranar ban koma gida ba sai da na canza ta." Yana ba ni labarin yana dariya, yana kuma share ido da hularsa.

Mahaifiyata ta daure tun safe, tana karɓar gaisuwa ido bushe, tana gaya wa masu kuka cewa addu'a mamaci yake so. Sai ga Iya mai taya, Bayarabiyar da ke da shago a kasuwar kayan gyara ta Gate. Ta rufe shago ta taho, tun daga bakin layi ake jin muryarta: "Ore mi! Ƙawata ta tafi!" Matanmu suka tare ta suna ba ta haƙuri, suna nuna mata a nan ba a ɗaga murya. Ba ta ji ba. Ta faɗa jikin mahaifiyata, a nan dauriyar ta ƙare, aka rasa mai rarrashin wani.

Na ƙarshe da ya tsaya min a rai shi ne mai facin layinmu, dattijo marar yawan magana. Ya yi gaisuwa ya miƙe zai tafi, idonsa ya faɗa kan mashin ɗina jingine da bango. Ya shafa tayar baya da tafin hannu, ya ce a hankali, "Ba lokacin maganar ba ne, amma wannan ta gama aiki. Ga damina ta kawo kai." Na ce na sani. Na sani ɗin kuwa. Tayar ta suɗe, tsakiyarta sumul, zanen ya shafe. Amma ita ce ta ƙarshe da kaka ta zaɓa da hannunta, ta kuma ce kada in kuskura in canza sai ta tashi mun je tare. Ban ga ta yadda zan cire ta ba.

Wanda ba ɗan unguwa ba zai ce me ya haɗa tsohuwa mai sayar da kuka da daddawa da tayar mashin.

Kaka ba ta taɓa riƙe kan mashin ba, ko keke ba ta iya ba. Tun tana amarya aka kawo ta Ibadan a jirgin ƙasa, ta zauna, ta haihu, ta binne miji, ba ta koma arewa ba sai da ziyara. Kayan miya take sayarwa a zauren gidanmu: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, albasa, barkono. Duk ranar da motocin arewa suka sauke kaya a Bodija ni ke kai ta sari, mu dawo buhu a gabana ita a bayana. Da yake ni jika ne, "maigida" take kirana, ni kuma in ce mata "amarya", wasan da kowane jika ya sani. Ita dai ba ta bar shi a wasa ba, ta mai da shi hujja. Ta ce tun da aure ne, kowa da kayansa: tayar gaba tawa ce tun da ni ke gaba, ta baya kuwa tata ce.

"Kai kana da abin riƙewa," in ji ta. "Kana hango rami tun kafin ya iso. Ni me nake da shi? Ƙeyarka nake kallo. Tsakanina da kwalta babu kowa, daga Allah sai robar nan."

Asalin abin rigima ce. Da tayar da mashin ya zo da ita ta cinye, na je ni kaɗai na sayo wata mai manyan haƙora, roba mai tauri, irin wadda 'yan ci-rani ke yabo, wai ba ta jin ƙaya ba ta jin ƙusa, sai ka gaji da ita. Na dawo ina ji da kaina. Ta fito da mayafi da jakarta, ta zagaya mashin ɗin, ta danna tayar da babban yatsa, ta ce, "Gona za mu?" Na ce Bodija. Ta ce, "A sauka lafiya," ta wuce ta tari tasi.

Ta daɗe tana shiga tasi, ana matse ta a kujera tana dawowa da ciwon ƙugu, amma ta ƙi saukowa daga maganarta. A cewarta wannan takalmin yashi ne da jar ƙasa. Ibadan kuwa gari ne na hawa da gangara, ruwansa ba ya sallama, in ya jiƙa kwaltar Mokola haƙoran nan babu abin da za su kama. Na ce mata wannan za ta daɗe. Ta ce, "Kai kana neman wadda za ta daɗe, ni ina neman wadda za ta bar ni in daɗe."

Ni na sauko, don mahaifiyata ta sa baki, kuma ba na so a ce na bar tsohuwa tana wahala a tasi ga mashin a gida. Amma har gobe ina nan a kan bakana, tayar nan ba ta da laifi. Wani mai zuwa ƙauyukan Akinyele ɗauko rogo ya karɓe ta, ta yi masa aiki har ya manta lokacin da ya saka ta. Da na kai wa kaka labari ina jiran ta ji kunya, sai ta ce, "To ka gani, ta samu mijinta."

Tun daga nan zuwa sayen taya ya zama kamar zuwa haɗo lefe. Takan yi wanka, ta ɗaura zanenta na fita, ta ƙulla goro a bakin mayafi don Iya. Ba ma zuwa da rana tsaka, ta ce zafi na sa kowace roba ta yi laushi ta yi ƙaryar kirki. Da hantsi muke zuwa. Iya na hango mu za ta jawo benci tana cewa, "Alaja ti de! Hajiya ta iso, wahala ta iso." Kaka ta ce, "Wahalar ce ke kawo miki ciniki. Fito min da na ciki, ban da na ratayen ƙofa, waɗannan rana ta gama cinye su." Ita tana Yarabanci mai ɗanɗanon Kano, Iya tana Hausa a karkace, kowacce na gyara wa 'yar uwarta, babu mai karɓar gyara.

Sai a jero mata. Da hanci take farawa. Sabuwar roba tana da warinta, in ji ta, tokumbo kuwa, wadda ta gama yawo a ƙasar wasu aka shafe ta da baƙin mai aka kawo mana, warin man take yi. Daga nan sai farce. Ta nutsa shi a jikin robar kamar mai duba nunar gwanda. In ya ɗan shiga robar ta dawo, ta gyaɗa kai, in ya ƙi shiga ta ture ta da ƙafa. Ta sa ni in matse gefen tayar da hannu biyu, ta sunkuya tana neman ƙananan tsaga. Ta bi zanen da yatsa daga tsakiya har gefe, tana so ta ga hanyar da ruwa zai bi ya fita. In ta ji bakin zanen da kaushi, ta san an sake yanka shi ne da wuƙa mai zafi don a ɓoye tsufa, ranar kuwa Iya sai ta rantse ba ta san yadda aka yi ta shigo shagonta ba.

Akwai wurin da dole ta neme ni, don ba ta yi boko ba: 'yan lambobin da ake bugawa a gefe, masu nuna lokacin da aka ƙera tayar. "Maigida, karanta min haihuwarta." In na karanta ta ji ta kwana biyu a duniya, ko da ba a taɓa saka ta ba, sai ta ce, "Mayar. Tsohuwa ɗaya ta ishi mashin ɗaya."

Na ƙarshe, a gara mata ita a ƙasa, daga benci zuwa bakin kwata, ta zuba ido ta ga ko a miƙe take tafiya ko tana rangaji. Masu shagunan kusa har fitowa suke yi kallo. Ni kam kunya ke kama ni, magidanci da gemu ina gara taya a tsakiyar kasuwa. Yau da za a ce in gara ta tun daga Gate har Sabo don kaka ta sake zama a bencin nan, wallahi da na gara.

Ko an saka ba a gama ba. Mu 'yan okada muna son a cika iska tam, don mashin ya yi sauƙin gudu ya rage shan mai. Ita kuwa sai ta hau ta ɗan girgiza jiki, ta ce da mai faci, "Rage. Ganga na ce ka haɗa min?" A hanya kuma ba ta riƙe ni, sai dai in na ƙara wuta in ji yatsa a haƙarƙarina. In muka shiga cunkoso, maimakon ta yi shiru, tayoyin maƙwabta take dubawa tana ba su shawarar da ba su nema ba, ni ke shan harara.

Ba kullum take dacewa ba. Ta taɓa zaɓo wata mai laushin tsiya, kafin damina ta fita ta suɗe. Na kawo mashin har ƙofar zaure na nuna mata. Ta duba ta ce, "Mun faɗi?" Na ce a'a. Ta ce, "To me kake so ta yi maka kuma, ta haihu?"

Rigimarmu mafi zafi a kan wani baƙo ce. Magidanci ne, ya zo daga wajen Sakkwato da iyalinsa, aka ba shi ɗaki a gidan da ke kallon namu, wani ya ba shi tsohon mashin yana okada. Matarsa na da tsohon ciki, shi ke kai ta awo a kan tayar da har zaren ciki ya fara leƙowa. Wata safiya na fito zan tafi aiki ban ga mashin ɗina ba. Na same shi a wurin mai faci, kaka ta sa an turo shi, an ɗage bayansa a kan kututture, babu taya. Tayar da ko ƙurar shago ba ta gama barinta ba tana jikin mashin ɗin baƙo. Kaka na zaune a gefe tana cin goro tana ba da umarni.

Na ce, "Kaka, wannan wane irin abu ne?" Ranar ban ce amarya ba.

Ta ce, "Kayana na bayar. Na taɓa ta gaba?"

"To da me zan fita aiki yau?"

"Da ƙafa. Je ka wurin Iya ka ce ni na aiko ka, ta ba ka 'yar uwar waccan."

Na yi faɗa sosai, har na ce in dai haka ne a raba auren. Mutane suka fashe da dariya, ni kuwa ba wasa nake ba, wunin aiki guda ya tafi. Baƙon ya rasa inda zai sa kansa, yana ta cewa a mayar, a mayar. Ta ce masa, "Kai yi min shiru, ba don kai na yi ba. Ta bayanka na duba." Matar ta sauka lafiya, aka samu mace, suka sa mata sunan kaka. Yarinyar tana nan har ta shiga islamiyya. Mahaifiyata ba ta iya kama sunan, "Mamana" take ce mata.

A ƙafa ciwon ya fara. Da farko nakan ɗaga ta in ɗora a mashin, daga baya Bodija ta gagara, matata ta karɓi zuwa sari, kaka na zaure tana bin ta da umarni. Daga zaure ta koma ɗaki. In na shiga gaishe ta kafin in fita, tambayarta ɗaya ce: "Yaya tawa?" In ce tana nan lafiya. Da na ga zanen ya fara shafewa na gaya mata gaskiya, na ce ko in je wurin Iya, ai ta san irin wadda ake so. Ta ɗago kai daga matashi ta harare ni.

"Kada ka kuskura. Kai ba ka da hanci. Bari in ɗan ji ƙarfi mu je. Ka dai bi a hankali, ai rani ne."

Rani ne kuwa lokacin. Ana haɗa hadarin farko ta cika.

Bayan an watse na koma aiki a kan tayar nan. Mai faci bai ƙara yi min maganar ba, sai dai ya bi ni da ido. Abokan aiki suka yi ta tsiya, wai jikan mai duba tayar mutane ne ke yawo a kan suɗaɗɗiya. Duk abin da za su faɗa na riga su sani. In hadari ya haɗo sai in fake, in fasinja mai nauyi ne in ce ba can na nufa ba. Abin da na kasa gaya wa kowa shi ne, muddin tayar nan na juyawa, a wurina maganarmu da kaka ba ta ƙare ba, akwai zuwa Gate da ba mu yi ba tukuna. Kewarta nake yi, ba wani abu ba. An raba kayan ɗakinta, zaure matata ce a ciki. Tayar nan ce kaɗai ta rage da ke fita tare da ni kowace safiya.

Ranar sadakar arba'in aka toya waina da yawa, aka ce a kai wa abokan cinikinta na Bodija rabonsu. Matata ta hau baya da kwano a cinya. Mun fita gari garau. Muna kan gangara yayyafi ya sauko, irin ɗan kaɗan ɗin nan da ke taso da man da motoci suka zubar a kwalta. Wata tasi ta ci birki a gabana za ta ɗauki fasinja. Na taka nawa kaɗan, wallahi kaɗan, sai bayan mashin ya zame. Muka kwanta. Allah ya taƙaita, babu mota a bayanmu. Waina ta watse a titi, ni na ƙuje gwiwa, matata kuwa fatar hannunta ta ɗaye, jini na ɗiga a zanenta.

Mutane suka taru, "E pele, e pele, sannu." Aka ɗaga mu. Matata ba mai faɗa ba ce, kuma tun rasuwar ba ta taɓa ce min komai a kan tayar ba, alhali ita ke hawa kanta duk ranar sari. Ta zauna a bakin kwata riƙe da hannunta, ta dubi tayar, ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baban yara, da tana raye, da ta bar ni na hau wannan?"

Na tare mata tasi, ni na turo mashin har gida.

Washegari na lallaɓa zuwa Gate. Iya ta gan ni ni kaɗai, ta shiga ciki, ta fito da 'yan kaɗan ta jera, ta koma gefe tana gyara abin da bai lalace ba. Na yi abin da na iya. Na ɗauki wadda na ga ruwa zai fi samun hanya a jikinta, mai laushi daidai, na ce, "Iya, wannan fa?" Ta ce, "Omo mi, ɗana, ni mai sayarwa ce. Mai zaɓe ta tafi."

Mai facin da ke gefen shagon ya cire tsohuwar, ya wurga ta bayan rumfarsa ko dubawa bai yi ba, ya saka sabuwa ya ba ta iska. Na buɗe baki zan ce a ba ni, kunya ta hana ni, don ban san me zan ce zan yi da ita ba. Na hau na taho. A hanya ruwa ya kece sosai. Na hau tudu na gangara, tayar ta riƙe kwalta tsaf, ko gezau. Amma ban ji daɗi ba. Ashe ana iyawa ba ita.

Na kasa haƙuri. Da safe na koma na ce da mai facin ya ba ni tsohuwar tayata. Ya yi min kallon mamaki, ya nuna bayan rumfa da ƙarfen da ke hannunsa: "Aboki, je ka ɗauka." Na zagaya. Tulin tayoyi ne ya kai ƙirjina, duk na okada, duk baƙaƙe, duk suɗaɗɗu, ruwan jiya ya wanke su. Na fara ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Na zaci hannuna zai gane ta, tayar da nake wankewa, nake dubawa kullum kafin in tayar da mashin. Wannan ta yi kama, waccan ma ta yi kama. Na ware wasu gefe, na sake dubawa, na mayar. Rana ta ɗaga, hannuwana suka yi baƙi ƙirin. Mai facin ya leƙo ya ce in ɗauki kowacce mana, ai duk ɗaya ne.

Ban ɗauki ko ɗaya ba. Na wanke hannu a bokitin da yake neman huji a ciki, na dawo gida.

Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, tun ina iya ware kaka daga cikin tsofaffin Sabo da suka wuce, tun kafin a ce ai duk ɗaya ne. Allah ya jiƙan kaka, ya yafe mata, ya yalwata mata makwanci. Ita da ta tsare mutane da yawa daga santsi, Allah ya tabbatar da ƙafarta a kan siraɗi.